Waƙa, goyo da sanyin hunturu

'Yan uwa mata, hunturu ya kankama. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kwaso ƙura daga Bodele a arewacin Chadi ba ta barin kowa, daga Agadas har Tamale. Masu zuwa bitar waƙa bayan tashin kasuwa, ta zumuntar mata a coci ko ta bege a Islamiyya, kun san halin: murya ta dushe, yara ga mura ga tari.

Babban abin tsoro dai kaskon gawayi ne. Uwa ta kwantar da yara, ta rufe ƙofa da taga, ta bar musu garwashi su ji ɗumi, ta tafi bita. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, ba a ganinta, tana kisa cikin barci.

Ku roƙi shugabar ƙungiya a dawo da bita bayan la'asar, kafin sanyi ya sauko. In ba hali, a yi karɓa-karɓa: yau wance ta zauna da yaran, gobe wata. Ruwan ɗumi da citta ga maƙogwaro, man kaɗanya ga jikin yara. Kasko kuwa, a fitar da shi waje kafin a rufe ɗaki. Wadda ta rasa bitar yau, a koya mata amshin gobe.