Tauraron Amurka a Fiffiken Jirgin Ɗan Ketare



Hoton da aka ɗora nan ranar Talata ya tara sharhi fiye da duk wani gajeren labari da muka saka a watan nan. Wani yaro ne ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Ketare ya yanka gwangwanayen madara, ya haɗa da waya da tayoyin tsohon silifas, ya ƙera jirgin yaƙi mai tsawon kamu ɗaya. Hancinsa a buɗe, fikafikansa sun karkata baya. A kan kowane fiffike ya manna farin tauraron sojan saman Amurka, wanda ya ɓanɓaro daga wata jakar gwanjo.

Masu sharhi sun rabu biyu. Wasu dariya suka yi, wai Ketare ta samu sojan Amurka. Wasu kuma suka ce a ƙwace a jefa a masai, domin yankin da ya sha wuta bai dace 'ya'yansa su yi wasa da kayan yaƙi ba. Mun karanta duka, kuma ba mu yarda da ko ɗaya ba.

Mu fara da masu dariya. Ku shiga kasuwar Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa, ku tsaya gaban mai sitika. Za ku samu Chelsea da Barcelona, za ku samu fuskokin 'yan fim da habaicin da ake mannawa a bayan babur. Ku nemi da'irar kore, fari, kore, wadda ke jikin jiragen sojan saman Najeriya, ku gani in za ku samu. Yaro ya manna abin da hannunsa ya kai gare shi. In akwai abin dariya a hoton nan, mu ne manya.

Ga abin da ya fi ciwo. Siffar da yaron ya kwaikwaya daga wayar yayansa ta MiG-17 ce, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Jirgin nan ya gwabza da Amurka a sararin Biyetnam, wato tambarin abokan gabarsa yaro ya saka masa. Kuma irinsa ne aka sauke a filin jirgin saman Kano a watan Agustan 1967, farkon yaƙin basasa, aka harhaɗa shi a nan ƙasar Hausa, matuƙa daga Masar na cikin waɗanda suka fara tashi da shi. Mu nawa ne a zauren nan muka san haka? Mu da muka yi difloma, muke kiran kanmu marubuta, sai da muka bincika.

A Turai da Japan akwai masu sha'awar harhaɗa ƙananan jirage na roba. Kamfanoni irin su Airfix da Revell da Tamiya ne ke sayar da su gunduwa-gunduwa a kwali, bisa ma'auni: kashi 1 cikin 72 ko 1 cikin 48 na ainihin jirgin. MiG-17 mai tsawon kusan mita 11 sai ya dawo kamar santimita 15. Kowane kwali yana zuwa da takardar sitika mai laushi, wadda ake tsomawa a ruwa, tambarin ya sulɓe, a ɗora a jikin jirgi. In mutum bai gamsu da tambarin da ke cikin kwalin ba, akwai ƙananan masu ɗab'i da sana'arsu ke nan: su bi tsofaffin hotuna, su tabbatar da launi da lambar wutsiya, su buga takarda ta daban su sayar. A cikin abin da suke bugawa har da jiragen Afirka, har da namu. Akwai littafi sukutum mai suna African MiGs, na Tom Cooper da abokan aikinsa, wanda ya bi tarihin waɗannan jirage ƙasa bayan ƙasa. Wani dattijo a can yana zaune yana auna koren tutarmu da tabarau, mu kuwa ɗanmu yana ɓanɓarar jakar gwanjo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tarihin kuma ba ƙarami ba ne. An kafa rundunar sojan sama a 1964, Bajamushe Kanar Gerhard Kahtz ne shugabanta na farko. Kanar Shittu Alao, shugabanta lokacin yaƙi, ya rasu a haɗarin jirgin L-29 a watan Oktoban 1969. MiG-21 ya zo a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet a farkon shekarun 1980. An sayo Jaguar guda 18 daga Ingila, ba su daɗe suna tashi ba aka jingine su, kuɗin talakawa suka zama ƙarfen ajiya. Kowane ɗaya darasi ne, kuma babu ko ɗaya a littafin karatun yaranmu na Hausa.

Yanzu ga masu cewa a ƙwace. Maganarku ta fi nauyi, kuma mun san inda ta fito. Mu ma muna nan ranar 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Muna da dangi a Faskari da Sabuwa da suka bar gonakinsu. Amma ku faɗa mana, wa ya koya wa yaron nan jirgin yaƙi? Mai sitika ne? Tun yana goye yake jin rugugin jirgi a kansa yana nufar daji. Ko an ƙwace gwangwanin, sararin sama yana nan. Abin da za a kashe kawai shi ne hannun da ya iya aunawa da yankewa da daidaita fiffike biyu, hannun da wata rana zai iya kaiwa cibiyar fasahar sojan sama ta Kaduna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a ce a sare shi ba.

Kuma ba kirari muke so a yi wa jirgi ba. Jiragen yaƙin basasa sun jefa bam a kasuwanni da asibitoci a Gabas. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Borno, mutane da dama suka mutu. A watan Yulin 2021 kuma 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da laima ya tsira. Yaron da ya san tambarin nan nasa ne, da harajin ubansa aka sayi jirgin, shi ne gobe zai iya tsayawa ya tambaya: me ya sa ya makara, me ya sa ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba? Wanda yake ganin jirgi kamar aljani ne daga wata duniya, gudu kawai zai iya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mun tuntuɓi wani mai ɗab'i kan wannan, ya ce shi fostar siyasa ta ishe shi. To, mu ba ta ishe mu ba. Ga abin da muke nema daga zauren nan. Masu iya zane a kwamfuta su tsara takarda ɗaya: da'irar kore da fari manya da ƙanana, tutar wutsiya, da lambobi. Mu marubuta mu rubuta bayanta da Hausa, jirgi biyar, kowanne sadara biyar, alherinsa da ɓarnarsa. Mu yi karo-karo mu buga, mu kai wa malaman fasaha na makarantunmu su raba.

Wanda zai yi zane ko rubutu ko ya ba da nasa ƙarfin, ya rubuta sunansa a ƙasa kafin Juma'a. Takardar farko ta yaron nan ce. Mun riga mun roƙi mahaifinsa ya ajiye jirgin a kan rumbu, kada kowa ya taɓa.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya.