Littafin lakwal ya iso Kance kafin a shiga aji

A watan Oktoba ake buɗe lakwal a ƙasarmu. A lokacin nan manomin Kance yana tsakiyar kaka: hatsi bai gama shiga rumbu ba, gyaɗa ba ta kai kasuwa ba, rake kuwa sai sanyi ya shigo. Ga kaye, ga allo, ga alƙalami, duk suna jiran aljihunsa. In aka ƙara ɗora masa sayen littafin karatu da na lissafi, uba mai ƴaƴa huɗu zai zaɓi ɗaya ya saya masa, kuma mun sani ba kasafai zaɓen yake faɗawa kan ɗiya mace ba.

Rubuta littafi bai gagare mu ba. Tun 1974 aka kafa INDRAP a Yamai domin malamanmu su tsara wa ƴaƴanmu littattafai da kansu. Kafin nan ma, a 1973, a Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji, inda yaro yake fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Wahalar tana wajen bugu, domin takarda daga waje take zuwa. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan Faransa suka ninka kuɗi a dare ɗaya, littafi ma bai tsira ba.

Sannan ga hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita wajen 900 ne, daga nan a kai Matamaye, daga Matamaye kuma a rarraba wa ƙauyuka, wani a babur, wani a amalanke. Littafin da ya kwana a mangaza har Janairu ya riga ya cinye wa yaro wata uku. Malam zai yi ta rubutu a allo, yara suna kwafa. Za su iya kwafi, amma ba za su saba da buɗe shafi su karanta su kaɗai ba. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci kun san wannan sarai: wanda ba shi da abin karantawa a gida, kafin damina biyu baƙaƙen sun gudu daga kansa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan ilimi da su ƙidaya yaran kowace lakwal kafin a tafi babban hutu, littattafai kuma su sauka Matamaye tun a watan Satumba. Littafin ya zama na hukuma, a ba yaro aro, a rubuta sunansa, ya mayar a ƙarshen shekara domin ƙanensa. A buga wa kowane ɗaya hatimin cewa ba na sayarwa ba ne. In aka gan shi a shimfiɗe a kasuwa, a tambayi ta inda ya fito.

Iyaye ma akwai nasu. Ajin zana ba ya kare littafi daga gara ko ruwan sama. Kwamitin iyaye da malamai na kowace lakwal yana iya haɗa kuɗin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya kuma sa a yi wa kowane littafi bango. Wannan bai kai kuɗin akuya ɗaya ba.

A watan Maris na 2025 aka ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a buga littattafan Hausa su wadata. Gaskiya ne na Kano da Zariya suna shigowa ta hanyar Daura, kuma suna da daɗin karantawa a gida, amma tsarin karatun Najeriya suke bi. Ɗan Kance yana bukatar littafin da zai koya masa lissafi da dala da jika, ya ba shi tarihin Damagaram, ya nuna masa Korama a taswira.