Ciwon ƙwauri a filin zamiya: a binciki takalmin kafin a haɗiyi ƙwaya

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ake shirin tsayar da kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse, gindin filayen zamiyar dusar ƙanƙara kusan kama ɗaya suke yi. Ko a Chamonix ta Faransa ne, ko a dutsen Uludag da ke saman birnin Bursa na Turkiyya, za a tarar da mutane zube a kan benci suna ɓalle maɗauran takalma, suna shafa ƙwauri, fuska a yamutse. In wani ya naɗe wando sai a ga gaban ƙafar ya yi ja wur, gashin wurin ya goge, wani har da bororo. Washegari da yawansu za su haɗiyi ƙwayar kashe zafi su sake zura ƙafa cikin takalmin da ya yi musu wannan aika-aika, a zatonsu haka wasan ya gada.

Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. A mafi yawan lokuta ciwon ƙwaurin mai zamiya daga takalmi yake, musamman wanda ya sha jiki har sosonsa na ciki ya mutu. Wanda ya daure wa ciwon yana ɓata hutunsa, yana koyon tsayuwa marar kyau, yana kuma jefa gwiwarsa cikin haɗari.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kano ko Damagaram da takalmin ƙanƙara. Ruwansa ya fara yawa. Tun shekarar 2005 aka buɗe rufaffen filin zamiya na Ski Dubai a cikin katafaren kantin Mall of the Emirates, kuma duk wanda ya san yadda 'yan kasuwarmu da iyalansu ke zirga-zirga a Dubai ya san wurin ba baƙonsu ba ne. A 2017 aka buɗe irinsa a wajen Alƙahira. Ɗalibanmu da ke karatu a Turkiyya suna kusa da Uludag da Erciyes na Kayseri da Palandoken na Erzurum. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Ghana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, a rufaffen filin Milton Keynes na Ingila ya koyi wasan, yana ma'aikaci a wurin. Galibin masu shiga ta wannan ƙofa da takalmin haya suke farawa, ko na gwanjo da aka sayo da araha a intanet, wato dai irin takalmin da ya fi cin ƙwauri.

Sai an san yadda aka ƙera takalmin ake gane inda ciwon ke fitowa. Har zuwa wajen 1960 da fata ake ɗinka shi, gajere ne, da kaɗan ya wuce idon sawu. Kamfanin Henke na Suwizalan ya kawo maɓallan ƙarfe a madadin igiya a tsakiyar shekarun 1950. Daga nan Bob Lange, wani Ba'amurke daga Dubuque a jihar Iowa, ya fito da takalmin roba mai tauri, kuma bayan Nancy Greene ta Kanada ta ci zinare da shi a Grenoble a 1968 sai kowa ya bi. Masana'antun yankin Montebelluna na Italiya, inda Nordica da Tecnica suke, suka mayar da roba abin yayi, wuyan takalmi ya yi ta tsawo har ya kai tsakiyar ƙwauri. An samu riba babba. Binciken da likita Robert Johnson da abokan aikinsa Carl Ettlinger da Jasper Shealy suka fara a filin Sugarbush na jihar Vermont a 1972, suka kuma shafe shekaru da dama suna yi, ya nuna karayar idon sawu da ta ƙasan ƙafa sun ragu ƙwarai, yayin da tsinkewar babbar jijiyar gwiwa ta ƙaru. Takalmin ya ceci idon sawu, amma nauyin ya hau sama, kan ƙwauri da gwiwa.

Takalmin yau kashi biyu ne: ƙoƙon roba mai tauri a waje, da shafi mai soso a ciki wanda ake iya zarowa. A gaban shafin akwai harshe mai kauri da ke kwanciya a jikin ƙwauri. Mai zamiya da wannan harshen yake tuƙi. In ya danna ƙwaurinsa gaba, ƙarfin yana bi ta cikin roba ya isa kan allunan da ke ƙarƙashin ƙafarsa, su lanƙwasa su yi kwana. Muddin ƙwauri na manne da harshen daga sama har ƙasa, nauyin yana bazuwa, ba a jin komai sai matsi.

Soso kuwa yana mutuwa. Zufa da nauyin jiki da sanyi da ɗumi suna ta murƙushe shi har ya lotse, kamar tsohuwar katifar da mai kwanciya ke jin katakon gado ta cikinta. Da zarar ya lotse sai rata ta buɗe tsakanin ƙwauri da harshe. Ratar ba ta da yawa, wataƙila kaurin yatsa ɗaya, amma a kowane tudu da kowane rami ƙafa za ta yi baya ta dawo ta bugi roba. Gaban ƙwauri kuwa ba shi da tsokar da za ta tare. Fata ce kawai a kan ƙashi, da wani siririn mayafi mai cike da jijiyoyin jin zafi da ya lulluɓe ƙashin. Bugu ɗaya ba komai ba ne. Na yini guda, sau ba adadi, shi ke sa mutum ya kasa taɓa wurin da daddare.

Abin da ke biyo baya ya fi muni. Wanda ƙwaurinsa ke zafi yakan guji harshen takalmin ba tare da ya sani ba, ya koma baya kamar mai shirin zama a kujera. Dunduniya tana ɗagawa a cikin sakakken takalmi, yatsu suna ƙanƙame ƙasa, tsokar da ke gefen ƙwauri ta waje, wadda aikinta ɗaga tafin ƙafa, tana ta fama ta jawo jiki gaba har ta gaji ta kumbura. Yanzu ciwo ya zama biyu, na bugu da na gajiyar tsoka. Kuma wannan tsayuwa ta baya-baya ita ce masu binciken Vermont suka nuna tana cikin manyan hanyoyin da jijiyar gwiwa ke tsinkewa lokacin faɗuwa. Ashe ciwon da aka raina yana iya kai mutum ɗakin tiyata.

Dabarun da mutane suka fi yi da kansu galibi ƙara dagula lamarin suke. Na farko safa biyu, ko safa mai kauri ta auduga. Auduga tana riƙe zufa, safa biyu suna goga juna su yi ƙudundune, kuma kowane ƙudundune a ƙarƙashin harshen takalmi tamkar tsakuwa yake zama. Haka wanda ya cusa ƙafar dogon wandon ciki ko bakin wandon zamiya cikin takalmi. Ɗinkin bakin wandon zai bar masa zane a fata. Abin da ya kamata ya shiga takalmi safa ce guda ɗaya tak, siririya, ta ulu ko ta zaren roba, mai tsawo har ƙasan gwiwa, an ja ta sumul. Akwai kuma masu ɗaure maɓallin sama har ƙarshe. Wannan yana matse bakin takalmin ne kawai, ratar da ke ƙasa tana nan, jini kuma ya daina gudu sosai, yatsu su yi sanyi su mutu.

Ƙwayar kashe zafi tana da wurinta da daddare, tare da hutu da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20. Shan ta da safe don a iya komawa cikin takalmin nan dai shi ne abin da bai dace ba, domin tana toshe saƙon da jiki ke aikowa ne alhali bugun na ci gaba.

Gyara na gaskiya da gwaji ɗaya yake farawa, wanda kowa zai iya yi cikin minti biyu. A zaro shafin, a sa ƙafa cikin ƙoƙon roba tsurarsa, a tura yatsu har su taɓa gaba, sannan a duba ratar da ke bayan dunduniya. In ta kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙoƙon daidai ne, shafin ne ya mutu. In ta wuce haka sosai, takalmin ya yi girma tun asali, kuma babu soson da zai cike shi. Lambar takalmin zamiya tsawon ƙafa ce a santimita: mai ƙafa santimita 26 lambarsa 26 ko 26.5. Sabon shiga yakan ji takalmin daidai ya matse shi yana tsaye, sai ya nemi na gaba. Bai san cewa da ya lanƙwasa gwiwa dunduniya za ta koma baya, yatsu su sami sarari ba.

In ƙoƙon daidai ne, hanyoyi suna da yawa kuma ba duka ke da tsada ba. A manyan garuruwan zamiya akwai gwanayen daidaita takalmi, waɗanda sana'arsu ke nan. Suna manna siririn soso a bayan harshe don cike ratar. Suna kwance haƙoran maɓalli su matsar da su ciki saboda mai siririyar ƙafa. Suna sa shimfiɗar tafin ƙafa wadda aka ƙera daidai da lanƙwasar tafin mutum, don dunduniya ta zauna daram. Wata dabara da ba ta cin ko sisi ita ce a zagaya da faffaɗan maɗaurin sama kai tsaye a kan harshen shafi, ta ƙarƙashin robar, yadda harshen zai bi ƙwauri duk inda ya je. Akwai maɗauri mai talewa irin na Booster da aka yi don wannan. In kuma shafin ya gama mutuwa, ana sayen sabo shi kaɗai: kamfanin Intuition na Vancouver yana yin wanda ake ɗumamawa ya ɗauki siffar ƙafa, ZipFit kuma, wanda Sven Coomer ɗan Ostireliya ya kafa bayan ya ƙera wa Nordica takalma, yana amfani da garin ɓawon itacen toshe kwalba wanda ba ya saurin lotsewa kamar soso.

Taurin takalmi ma abin dubawa ne. Ana rubuta lamba a jikinsa, daga wajen 60 na masu koyo zuwa 130 na ƙwararru, kodayake 100 ɗin wani kamfani ba lallai ya yi daidai da na wani ba. Marar nauyi da ya sa mai tauri sosai zai yi ta karo da bango. Ƙato a cikin mai laushi kuwa zai danne shi har ƙarshe ya bugu a can.

Akwai lokacin da takalmi ya wuce gyara, kuma a nan masu son gwanjo ya kamata su saurara. Robar da aka fi yin ƙoƙon da ita tana tsufa ko ba a sa ta ba, domin laimar iska tana cin ta a hankali. Takalmin da ya shekara goma sha a ajiye yana iya zama fes a ido, ya fashe a ranar sanyi ana tsakiyar gangara. Tafinsa kuma yana cinyewa da tafiya a kan kwalta, alhali mariƙin ƙarfen da ke haɗa takalmi da allo an auna shi ne da cikakken kaurin hanci da dunduniyar tafin. In sun cinye, mariƙin na iya sakin ƙafa ba gaira ba dalili, ko ya ƙi sakinta lokacin faɗuwa. Arhar irin wannan takalmi ba ta kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya a asibitin Turai ba.

Shagunan haya su ma suna da nasu kason laifin. Takalmi ɗaya yana ratsa ƙafafu iri-iri a hunturu guda, kuma hanya mafi sauƙi ta sallamar layi ita ce a miƙa wa mai ƙorafi lamba ta gaba. Shagon kirki yana auna ƙafa, yana tambayar nauyi da tsawo da gwanintar mutum, yana busar da shafi kowane dare, yana kuma janye wanda ya lotse. Mai haya yana da haƙƙin ya sa hannu ya taɓa harshen; in ya ji shi shafal kamar kwali, ya ce a canza. Yana da haƙƙin ya dawo da tsakar rana ya sauya in ƙwauri ya fara magana. Baƙon da bai iya harshen ƙasar ba yakan ji nauyin yin haka, ya haƙura, kuma shi ne yake tashi da tabo.

Ba kowane ciwon ƙwauri ba ne kuma za a jingina wa takalmi a kwanta. In zafin ya taru a wuri ɗaya da za a iya nunawa da kan yatsa, yana tsananta in an taka, yana hana barci, ana iya samun tsagewar ƙashi, sai an ɗauki hoto. In mutum ya faɗi ya kasa tsayawa a kan ƙafar, akwai karayar da aka sani tana faruwa daidai bakin wuyan takalmi, musamman ga yara. In kuwa ƙafa ta kumbura ta yi tauri, zafin ya wuce misali, yatsu suna mutuwa ko bayan an cire takalmin, matsi ne ya taru a cikin tsoka yana hana jini wucewa, kuma likitoci cikin sa'o'i suke ƙirga lokacin ceton irin wannan ƙafa. Mai wannan alama a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.