Tukunyar Gas Ba Buhun Gero Ba Ce

Jama'a, yanzu yaran motarmu da dama da tukunyar gas suke dafa shayi in an ya da zango. Ba mu ƙi ba. Abin da muka ƙi shi ne a jefa ta bayan tirela tana birgima tsakanin ƙafafun shanu.

Kwaltar Ngaundare zuwa Tuboro da Mundu da sauƙi. Amma duk wanda ya bi ta Cholire zuwa Garwa, ko ya gangara kasuwar Mbaibum da damina, ya san gargada. Tukunyar nan mai kilo 12.5 ruwan gas ne cikinta. In ta kwanta, kofato ɗaya ya isa ya karya bakinta. Gas kuwa ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa, daidai inda ake yar da guntun taba.

Mu da muka zuba miliyoyin sefa a mota guda, mu ya kamata mu duba ɗaurin, ba karen mota ba. A cire tiyo kafin a tashi. A tsayar da ita cikin tsohuwar taya, a ɗaure tamau jikin ƙarfe, nesa da salansa da fitsarin shanu mai cin gindinta. In an ji wari, a shafa ruwan sabulu a bakin, kumfa za ta nuna. Ban da ashana, don Allah.