Hutun Farko: Ina Ne Gidan Dan Sabo?

Yau ina so in tabo wata magana da ta dade tana ci min tuwo a kwarya, wato maganar kannenmu na Sabon Ibadan da sauran unguwannin Hausawa na kudu irin su Shagamu da Agege, wadanda suke tafiya karatu jami'o'in arewa, da kuma halin da suke dawo mana da shi a hutunsu na farko.

Watakila wanda bai tashi a Kurmi ba zai ce, me ya kai dan Ibadan karatu Zariya ko Kano alhali ga jami'a a bakin kofarsa tun 1948? To amsar tana cikin takardar shaidar asali. Ko da a Sabo aka yanke cibiyar mahaifinka, da wuya ka samu takardar zama dan asalin jihar Oyo, sai dai ka nufi karamar hukumar kakanninka a Kano ko Katsina ko Sakkwato. Kuma a tsarin daukar dalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Ka ga ke nan takardar da ke hannun yaro ita ke tura shi jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero. Su kuma iyaye dama abin nema ya samu, a ganinsu yaro zai je ya sha ruwan gida.

Da ya isa can sai labari ya sha bamban. Yana bude baki a ce masa, kai Bayarabe ne? Yaron da a Ibadan ake kira Gambari, ga shi a Kano ana ce masa dan Kurmi. Sai ya shiga kunya, ya fara gyara harshe, ya daina amsa waya da Yarabanci a gaban abokai. Ba na ganin laifinsa a nan, kowa ba ya son dariya.

Inda nake ganin gyara shi ne ranar da ya tsallako gadar Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo ya sauka Sabo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kudin mota ya yi tsada, wasu sai sun kusa shekara ba su leko ba, saboda haka gida kaf ana dokin ganinsa. Ya kawo tsarabar kilishi da kuka da daddawa, Inna ta dafa abin da ya fi so. Amma kafin kwana uku sai ka ji yana gyara wa Inna Hausa. Makwabciyar da ta goya shi yana jariri ta yi masa sannu da zuwa da Yarabanci, ya amsa da Turanci. Baba ya ce ya zo rumfa ya taya shi kirga goro, ya ce kansa na ciwo. Karshe ka ji yana cewa shi da ya gama ba zai zauna a nan ba.

Su ma manyanmu da nasu. Tambayar farko da ake yi wa yaro ita ce, ka kuwa leka gida ka gaida dangi? Gida a bakinsu shi ne kauyen da yaron bai taba kwana goma a cikinsa ba. Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, sama da shekara 100 ke nan. A nan fataken goro da na shanu suka yi arziki, a nan kakanninmu suke kwance, amma har yau muna magana kamar matafiyan da suka yada zango za su tashi da asuba. Yaron da ya tashi yana jin haka, yaya ba zai dauki Sabo tashar mota ba?

Wannan ba karamar asara ba ce. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 an rasa rayuka, an kona shaguna, wasu gwamnonin arewa suka zo jaje suka koma. Wadanda suka rage su ne suka ci gaba da zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da na gwamnati. A irin wannan rana babu abin da al'umma take bukata kamar lauyanta da likitanta da dan jaridarta, wanda ya yi boko, yake jin Hausa, yake kuma jin Yarabanci kamar jakin Ibadan. Irin wannan mutum ba a Kano ake samunsa ba, mu ne muke haifarsa, sannan mu bari ya sulale.

Wani zai ce ai irin wannan rikici shi ne dalilin da ya sa gara yaro ya koma arewa. Ban hana kowa neman abincinsa inda Allah Ya ajiye masa ba. Amma iyayensa da kannensa da rumfar da ta biya masa kudin makaranta fa, su ma za su bi shi? Mu da karatunmu ya tsaya a sakandare muka rike rumfa don wani ya wuce, ba mu nemi a biya mu ba. Abin da muke fata kawai kada ilimin ya zama katanga tsakaninmu.

Saboda haka kanina, in ka zo hutu ka zaga ka gaida kowa, Bahaushe da Bayarabe, kowa da harshen da ka saba gaishe shi, zumunta a kafa take. Ka zauna rumfa ko da awa biyu ne, ka duba wa Baba littafin bashi. Ka tara yaran layi ka nuna musu yadda ake cike fam din JAMB. Ku kuma iyaye, in yaro ya sauka ku ce masa sannu da dawowa gida, kauye kuwa a kira shi garin kakanni.

Allah Ya ba dalibanmu ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da makwabtanmu. Wassalam.