Hoton da ke bayan naira ashirin

Ranar Alhamis ɗin makon jiya wata malama, ƙawar uwargidana, ta gayyace ni alƙalancin muhawarar ɗalibai a wata sakandare da ke Gauraka. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin abin da na gani can ba ita kaɗai ke da shi ba. An gama zagayen Turanci lafiya lau, aka shiga na Hausa. Wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ta miƙe, ta gyara tsayuwa, ta gaida alƙalai. Hujjojinta a jere suke, kuma da ganin takardar hannunta ka san ta kwana a kanta. Sai dai harshen gidansu yana leƙowa cikin Hausarta, takan ce "shi" inda ake cewa "ita". Daga can ƙarshen zaure wani yaro ya ɗaga murya ya ce, "Gwaranci!" Zaure ya kwashe da dariya, kuma a cikin masu dariyar har da malamai biyu. Yarinyar ta haɗiye sauran maganarta, ta karanto layin ƙarshe da sauri, ta zauna. Ba ta ƙara ɗaga kai ba har aka tashi.

Da na sauka a tasha, ɗan acaɓa ya ba ni canji, a ciki akwai wata naira ashirin da ta ji jiki. Yanzu ko ruwan leda ba ta saye, amma ina roƙon mai karatu ya nemo ta ya duba. A gabanta hoton Janar Murtala Muhammed ne, wanda gwamnatinsa ta yanke shawarar mai da babban birnin ƙasa tsakiyar Najeriya a watan Fabrairun 1976. A bayanta kuwa wata mace ce tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, kuma 'yar ƙabilar yarinyar nan ce da aka yi wa dariya.

Labarinta a nan ƙofar gidanmu ya faru. A ƙauyen Kwali ta koyi ginin tukunya tun tana ƙarama, irin yadda matan Gbagyi, masu harshen da muke kira Gwaranci, suka gada. Sarki Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo Suleja, yana tara tukwanenta a fada saboda kyansu. A can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, shi da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, lokacin ana kiransa Abuja. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikin maza. Ba ta yi boko ba, amma ta je Ingila da Amurka ta nuna aikin hannunta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Sarkin Hausawa ne ya fara ganin darajarta ya ajiye aikinta a fadarsa. Mu jikokin talakawansa muna barin 'ya'yanmu suna mai da sunan ƙabilarta abin zagi.

Shi ma wanda ke tinƙaho da cewa garin na kakanninsa ne, ya tuna yadda aka zo. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka baro Zariya bayan jihadi, Muhammadu Makau ya yi ta fama har ya rasu, ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828. Sun tarar da Gbagyi da Koro suna zaune a ƙasar. Daga baya aka karɓi sunan Abuja da yanki mai yawa na masarautar aka gina birnin tarayya, aka tare a cikinsa a watan Disamban 1991. Tsadar haya da rusau, musamman na tsakanin 2003 da 2007, suka yi ta turo mutane Madalla da Suleja da Gauraka, inda talaka zai iya kama ɗaki ya riƙa sammako zuwa aiki. A 'yan shekarun nan kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Shiroro da Munya da Rafi. To ka shiga aji ɗaya a Gauraka ka kira rajista: Bahaushe, Bagbagyi, Banufe, Bayarabe, Ibo, Tibi, Igala, Bafulatani, Musulmi da Kirista, ɗan ma'aikacin gwamnati da ɗan mai tura baro. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Gowon ta kashe kuɗi ta yawaita makarantun haɗin kai a jihohi, ta kuma kafa hidimar ƙasa a 1973, duk don ɗan wannan yanki ya zauna benci ɗaya da ɗan wancan. Abin da gwamnati ta nema da kuɗi, Gauraka ta same shi a ɓagas. Yaran sun riga sun shigo. Abin da ya rage mana shi ne yadda za su zauna.

Na san abin da za a ce mini, domin ɗaya daga cikin malaman nan biyu ya riga ya faɗa mini da na yi masa magana a gefe. Ya ce, "Haba Malam, ai wasa ne. Mu ma haka muka taso." Gaskiya ne muna da wasa tsakanin al'ummomi, kuma abu ne mai kyau: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa. Amma wasan nan yana da sharaɗi. Tsakanin tsara ake yinsa, ka jefa a jefo maka, a tashi kowa yana dariya. Yarinya ɗaya a tsaye gaban zaure cike da mutane, malaminta yana cikin masu dariya, da wane baki za ta rama? Kuma a duba kalmomin da kansu. Mun ɗauki sunan ƙabila guda mun mai da shi sunan rashin iya magana. Muna cewa "ai ƙabila ne" ga duk wanda ba Bahaushe ba, kamar mu daga sama muka faɗo. "Arne" da "Inyamuri" suna fita daga bakin yaro ɗan shekara goma sha biyu ba tare da ya ji komai ba, saboda a tsakar gida ya fara jin su.

Laifi tudu ne. Mu da ke jin zafi idan an kira ɗanmu "aboki" da sigar raini a kasuwar Legas, ko a wata makarantar kuɗi a nan kusa, mu ya fi dacewa mu gane ciwon. Na san iyayen da suka cire 'yarsu daga makaranta saboda tsangwama a kan hijabi, kuma rigimar hijabin makarantun jihar Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 2022 cewa ɗaliba tana da 'yancin sawa. Mun yi murna da hukuncin, kuma ya cancanci murna. Tsarin mulkin da ya kare ɗaliba mai hijabi, a sashe na 38, shi ne ya ce kada a tilasta wa ɗalibi shiga darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko garin asali. Idan muna neman inuwar dokar ga 'yarmu, dole mu matsa wa 'yar maƙwabci ta zauna.

Ina matsa wannan magana ne saboda wannan yanki ya ga inda ƙiyayya ke kai mutane. A watan Afrilun 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a Suleja, ya kashe mutane har da masu hidimar ƙasa. Ranar Kirsimetin shekarar aka kai hari Cocin Katolika na St. Theresa a Madalla, iyalai suka fito daga ibada suka tarar da ajali. Yawancin yaran ƙaramar sakandare na yau ba a haife su ba a lokacin, amma sun gaji labarin, kowane daga bakin mutanen gidansu, kowane da irin launin da aka shafa masa. Aji shi ne kusan wuri ɗaya tilo da ɗan wannan gida zai yi shekara shida yana aron biro a hannun ɗan wancan gida. Idan muka bari suka fita daga nan da kallon juna a matsayin abin dariya ko abin tsoro, ba na jin akwai wani wurin da zai gyara.

Ba harshe da addini kaɗai ke ware yaro ba. A makarantar da na je, malamar ta nuna mini wani yaro mai dogara sanduna biyu, shan inna ta taɓa ƙafafunsa tun yana jariri. Da ya ci jarrabawa aka ciyar da shi gaba, sai sabon ajinsu ya kasance a saman bene. Kullum abokansa biyu ke cicciɓarsa su hau da shi, kuma ba ya shan ruwa da safe don kada fitsari ya matse shi ya sa a sauko da shi. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Amma wannan yaro ba ma sai an jira kwangila daga Minna ba. Firinsifal zai iya musanya aji biyu a safiya ɗaya, na sama ya sauko, na ƙasa ya hau.

Irin waɗannan gyare-gyaren da ba sa cin ko sisi suna da yawa. Zabiya ba ya gani sosai daga nesa, wurinsa bencin gaba ne, haka ma mai ƙarancin ji. Yarinya mai sikila da ta yi mako biyu a kwance tana bukatar a maimaita mata gwajin da ya wuce ta, bulalar fashi ba ta da amfani a kanta. Yaron da ya zo daga Shiroro ya yi shekara biyu ba karatu, ko almajirin da ya shiga boko da girmansa, zai fi 'yan ajinsa tsawo, kuma idan malami ya fara kiransa "baban aji" to sunan ya bi shi ke nan har ya daina zuwa. Banɗakin 'yan mata kuwa, wanda yake da ƙofa da ruwa, shi ne ke raba wadda za ta zo makaranta kwanakin al'adarta da wadda za ta zauna gida. Wannan kam yana cin kuɗi, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba, wadda na sha gani tana tara kuɗin fenti da na walimar yaye ɗalibai.

Akwai kuma maganar muƙamai, wadda yara ke lura da ita fiye da yadda manya ke zato. Duk firinsifal da ke karanta wannan, ranka ya daɗe, ka ɗauko jerin shugabannin ɗalibai na shekara biyar da suka wuce ka karanta sunayen. Idan duk daga gida ɗaya suke fitowa, ko kuma mata ba sa samun komai sai kula da shara da tsafta, to yaran sun riga sun karanta darasin da ba ka rubuta a allo ba. Haka taron safe: a makarantar da ke da addini biyu, a ba kowa damar yin addu'arsa, kada ɗaya ya zama mai gida ɗaya ɗan rakiya.

Ba na mantawa da halin da malami ke ciki. Ajin da ya cika har wasu na zaune a taga, albashin da ba ya kai tsakiyar wata, kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mutumin da ke cikin wannan hali ba za a ɗora masa sabon kaya ba. Amma riƙe dariya ba kaya ba ne. Da ɗaya daga cikin malaman nan biyu ya miƙe ya ce, "Kai, tashi ka ba ta haƙuri. 'Yata, ci gaba, muna jin ki," da yaron ya koyi abin da zai riƙe har tsufa, da ita ma ta ƙarasa maganarta. Tana jin Gbagyi, tana jin Hausa, tana jin Turanci. Mai yi mata dariya Hausa kaɗai ya iya sosai.

Ni ma ina da nawa kason. Ina zaune a kujerar alƙalai, makirfo yana gabana, na yi shiru har aka wuce wurin, sai daga baya na bi malami gefe ina raɗa. Na ba ta maki mafi yawa a takardata, amma makin takarda bai kai kunnen zauren da ya yi mata dariya ba.

Na koma wurin malamar jiya, na ce mata, "Malama, a zangon nan ku kai su tsohuwar cibiyar tukwanen nan ta Suleja mana." Wurin ya daɗe yana fama da rashin kulawa, amma daga Gauraka tafiyar ba ta da nisa, kuma na ɗauki nauyin mota ɗaya. Sharaɗina shi ne yarinyar nan ce za ta ba 'yan ajinsu tarihin Ladi Kwali, da Hausar bakinta, kuma yaron da ya ɗaga murya ya tsaya a sahun gaba. Malamar ta ce za ta kai wa firinsifal maganar ranar Litinin. Ta kuma gaya mini cewa yarinyar ta cire sunanta daga ƙungiyar muhawara, amma za ta je gidansu ta ga mahaifiyarta kafin nan.