Kan Da Ke Gabanka Shi Zai Zaɓa Maka Almakashi



Ana saura kwana biyu Sallar Gani muka shiga wani shagon aski a cikin garin Daura. Mai shagon matashi ne, da kuɗin adashe ya buɗe. Ya ɗauko sabon almakashi mai haƙora, irin wanda ya gani a bidiyon TikTok, ya hau kan wani yaro da shi. Kafin minti biyar sumar ta yi rami-rami kamar gara ta ci. Dole aka yi wa yaron ƙwal-kwabo, uban ya fita bai ce uffan ba, kuma bai sake dawowa ba.

Laifin ba na almakashin ba ne. Aikinsa rage yawan gashi ba tare da rage tsawonsa ba, shi ya sa baki ɗaya kaifi ne, ɗayan kuma haƙora kamar na mataji. An tsara shi ne don gashi miƙaƙƙe mai cika, irin na Turawa da mutanen Asiya, wanda ke kwanciya ya rufe inda aka tsinke. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, tsaye yake. Duk inda ka cire, gurbin zai fito fili.

Don haka ra'ayinmu shi ne, mai fara sana'a a Daura, Mai'aduwa ko Zango ya zuba jarinsa a kan kilifa mai kyau da almakashi na gama-gari tukuna. Mai haƙora ya zo daga baya.

Wani zai ce ai zamani ya canja, masu zuwa aski da hoto a waya suke zuwa. Gaskiya ne, kuma yana da wurinsa: gashi mai laushi da tsawo, gashin da aka miƙar da mai, hular gashi da gashin kanti a shagon mata. Idan irin waɗannan ne ke zama a kujerarka, to saya, amma ka san abin da kake saye.

Ƙirga haƙoran. Mai haƙora 30 zuwa 40 kaɗan-kaɗan yake ɗiba, shi ya dace da sajewa, kuma kuskurensa ba ya yin muni. Mai 14 zuwa 20 ya fi ɗiba da yawa, na fitar da fasali ne. Mai ƙasa da 10 kuwa guntu-guntu yake cirewa, ba na ɗan koyo ba ne.

Duba ƙarfen. Garin Seki na Japan da Solingen na Jamus sun yi suna wajen ƙera almakashi, shi ya sa jabu ma sunansu yake ɗauka. Kada rubutun jiki ya ruɗe ka. Gwada shi a kan ɗan gashi: idan ya lanƙwasa shi ko ya fizga, ajiye. Ɗaga bakin sama, ka buɗe hannu ɗaya ka sake shi. Idan ya rufe ruf, notin tsakiya ya yi sako-sako. Idan kai bahago ne, nemi na bahagwai. Araha dai ba ta ado.

Sai tsafta. Tsakanin haƙoran nan gashi da datti ke maƙalewa, ta nan makero ke tashi daga kan yaro zuwa kan wani. A goge da buroshi da sifirit bayan kowane mutum.

Wanzaman da suka yi mana askin suna ba su cika zabira da ƙarfen da ba su san aikinsa ba. Kafin ka tura kuɗi kasuwar Sabon Gari a Kano, ƙirga kawunan da ka aske a makon jiya. Nawa ne a cikinsu ke buƙatar mai haƙora?